Haƙuri Mai Zama da Haƙuri Mai Tafiya: Tarke a kan Shaihu Umar

Kalmomi kaɗan ne a Hausa suke ɗaukar kaya irin wanda kalmar haƙuri take ɗauka. Da ita ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa ta'aziyya, da ita ake sallamar almajiri in babu abin ba shi, da ita ake raba faɗa a bakin rijiya, da ita kuma mai laifi yake neman gafara wurin wanda ya ɓata wa. In za a kai amarya ɗakin mijinta, babu abin da iyaye da gwaggwanni suke nanata mata kamar haƙuri. Ga ta kuma da 'yan'uwa waɗanda ba a faye rarrabe su da ita ba a maganar yau da kullum, watau juriya da jimiri da dangana da kawaici. Mai juriya yana ɗauke da nauyi ne bai sauke ba. Mai dangana ya riga ya sallama, ya bar wa Allah. Mai kawaici kuwa ya gani, ya ji, ya kame bakinsa. Duk waɗannan Bahaushe yakan tattara su ya kira su haƙuri, ya kuma yi musu kirari guda, cewa maganin zaman duniya ne.

A nazarin da A. H. M. Kirk-Greene ya yi a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wanda aka buga a 1974, ya sanya haƙuri cikin halaye goma da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da karamci da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Wannan lissafi ya yi wa masu nazarin al'ada amfani ƙwarai. Sai dai jeri irin wannan ba ya iya nuna cewa kalma guda takan rufe ɗabi'u biyu masu hannun riga da juna, har a yabi mutum biyu da suna ɗaya alhali ɗaya ya zauna ne, ɗayan kuwa ya tashi. Ƙagaggen labari ne yake iya nuna wannan, domin shi yakan sa hali a jikin mutum ya sake shi cikin duniya a ga yadda zai ƙare. Wannan maƙala za ta duba littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ta wannan fuska. Abin da take son nunawa shi ne, haƙuri iri biyu ne a cikin littafin, kuma wanda aka saba yabo, watau na Umar, ba shi ne ya ɗauki nauyin labarin ba.

Littafin da abin da ya ƙunsa

Shaihu Umar yana cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai wadda Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. An haifi Ɓalewa a 1912, ke nan bai wuce shekara 22 ba sa'ad da ya rubuta shi, yana sabon malamin makaranta a Bauci bayan ya gama Kwalejin Katsina. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, shekara guda bayan kisan mawallafin. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo wanda aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

Labarin sananne ne, don haka za a taƙaita. Wani babban malami a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya kwashe labarin ya ba su. Mutumin Kagara ne, maraya tun yana ciki. Uwarsa ta auri Makau, wani na hannun daman sarki, wanda fadawa suka ƙulla wa sharri a kan bayin da aka samo a hari, aka kore shi daga garin. Cikin wannan rikici aka sace Umar yana ɗan ƙaramin yaro. Ya faɗa daga wannan hannu zuwa wancan har ya isa wurin wani Balarabe mai fatauci, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi garinsu Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami abin kwatance. Uwar kuwa ta bar ɗakinta ta shiga duniya nemansa. Wani mai suna Ado ya yi mata alkawarin kai ta inda ɗanta yake, ya ƙetara hamada da ita ta Murzuk, ya ci amanarta, ta ƙare baiwa a Tarabulus. A can ne ɗa da uwa suka haɗu bayan shekaru masu yawa, kuma ba ta jima ba ta rasu. Umar ya kamo hanyar ƙasar Hausa, guguwar rairayi ta halaka ayarinsu, shi ya tsira, ya zo ya zauna a Rauta yana karantarwa.

Haƙurin Umar

In aka tambayi mai karatu halin tauraron wannan littafi, abin da zai fara fita bakinsa shi ne haƙuri da tawakkali. Ba a ga inda Umar ya yi fushi ba, ba a ga inda ya rama ba, ba a ji ya ɗaga murya ga kowa ba. Wannan gaskiya ne. Amma ya kamata a tambaya, me haƙurin nan ya ci masa? Manyan masifun da suka auka masa, watau sata da rabuwa da uwa da shiga hannun masu fataucin bayi, duk sun same shi ne yana yaro ƙarami wanda bai san abin da ake ciki ba. Yaron da aka saɓa a kafaɗa aka gudu da shi ba a ce ya yi haƙuri, domin ba shi da zaɓin da ya wuce kuka. Sa'ad da ya yi wayo kuwa, ya tarar da kansa a gidan wadata, ga uban riƙo mai ƙaunarsa, ga malami, ga allo da littattafai. Ƙaddara ce take ɗaukarsa tana ajiyewa, kuma kusan kullum a wuri mai laushi take ajiye shi. Ko tsirarsa daga guguwar hamada ba dabararsa ce ta kawo ta ba.

Malamai sukan kasa haƙuri kashi uku: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, da haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan masifa in ta sauka. Umar ya cika na farko da na biyu babu shakka, domin wanda ya zauna gaban malami shekara da shekaru har ya gaje shi ya san ɗacin jimiri. Amma Ɓalewa bai tsaya a kan wannan ba. Cikin 'yan layuka ya wuce shekarun karatun, bai nuna wa mai karatu wani dare da yaron ya gaji, ko wata rana da ya yi marmarin wasa ya danne ba. Saboda haka halin Umar ya fito kamar ƙwaryar da aka riga aka yi wa zane aka rataye: kyakkyawa ce, sai dai ba a ga hannun da ya sassaƙa ta ba. Wannan rauni ne a ginin tauraro, ko da yake ana iya yi wa mawallafin uzuri da cewa Umar ne da kansa yake ba da labarin, kuma kunya ba ta barin malami ya zauna gaban almajiransa yana lissafa wahalar da ya sha a neman ilmi.

Haƙurin uwar

Mai karatu ya fi riƙe ta da sunan uwar Umar, kamar yadda ake kiran mata da yawa da sunan 'ya'yansu. Ita ce kaɗai a cikin littafin aka ajiye wa hanya biyu ta zaɓa da saninta. Tana da miji, tana da ɗaki, ba a rasa masu ce mata ta dangana ba, tun da abin da ya faru ya riga ya faru, kuma babu wanda zai zarge ta in ta zauna. A ma'aunin maganar yau da kullum, zaman nan shi ne haƙuri. Ita kuwa ta tashi. In da za a bi zahirin kalmar, sai a ce ta kasa haƙuri ke nan. Amma duk wanda ya bi ta daga ƙasar Zazzau zuwa Kano, daga Kano zuwa cikin hamada, daga 'yanci zuwa bauta, ba zai sami wata kalmar da zai kira abin da ya riƙe ta ba in ba haƙurin ba. Ta jure yunwa da tafiya da yaudara da wulaƙanci, ba ta saki abin da ta fito nema ba. Wannan shi ne haƙuri mai tafiya, kuma shi ne irin wanda karin maganar nan ta mai haƙuri yakan dafa dutse take nufi, domin mai dafa dutse ba zaune yake ba, yana ta iza wuta ne.

A nan ne ya kamata a lura da kamar da ke tsakanin wannan labari da ƙissar Annabi Yusufu, wadda babu almajirin da bai san ta ba, balle Ɓalewa. Ga yaro an raba shi da mahaifi ta hanyar makirci, ga fatake sun tafi da shi wata ƙasa, ga wanda ya karɓe shi ya kyautata masa, ga ɗaukaka a baƙon wuri, ga mafarki, ga haɗuwa bayan dogon zamani. In Umar ya tsaya a gurbin Yusufu, to uwarsa ce a gurbin Annabi Yakubu. Haƙurin Yakubu kuwa, wanda malamai suke kafa misali da shi a wa'azi, bai hana shi baƙin ciki ba har ganinsa ya tafi, bai kuma hana shi tura 'ya'yansa su nemo labarin ɗan'uwansu ba bayan kowa ya fid da rai. Ke nan a cikin addinin kansa akwai gurbin haƙurin da ba ya dangana, haƙurin da yake kuka yake kuma nema. Wanda ya ɗauki uwar Umar a matsayin mai raunin tawakkali bai karanta ƙissar da kyau ba.

Amma inda Ɓalewa ya rabu da ƙissar, a nan hikimarsa ta fi fitowa. Yakubu ya ga ɗansa, ganinsa ya dawo, ya zauna cikin daraja a Masar. Uwar Umar ta ga ɗanta ta mutu. Ba a mayar da ita gida ba, ba ta ci moriyar malantarsa ba, ba a ma nuna an hukunta Ado a gaban idon mai karatu yadda zuciya take so ba. Ga matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya tashi cikin tatsuniyoyin da a kullum marainiya take auren ɗan sarki, kishiyar uwa kuma ta ƙare a wulaƙance, wannan ƙarfin hali ne. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Littafin ya gaskata wannan a kan Umar, ya kuma yi shiru a kan uwarsa, ya bar mai karatu ya yi lissafin da kansa. In akwai wadatar da ta samu, to ba a wannan gida aka biya ta ba.

Kwatanci da Ruwan Bagaja yana ƙara haske, ko da a taƙaice ne. Alhaji Imam shi ma ya shiga duniya saboda na gaba da shi, don ya wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Guzurinsa wayo ne da ƙarya da iya baki, da su yake karawa da Malam Zurƙe, da su kuma ya dawo da nasara. Uwar Umar ta fita da gaskiya da yarda da mutane, yardar nan kuwa ita ta kai ta hannun Ado. Littattafai biyu, gasa ɗaya, shekara ɗaya: namiji mai wayo ya komo gida da ruwan magani, mace mai haƙuri an binne ta a bakin teku. Ba lalle ne marubutan biyu sun nufi a yi wannan kwatanci ba, amma ga shi nan a kan takarda.

Zubi da salo

Akwai wani abu a zubin littafin wanda ake iya ɗauka kuskure ne. Umar ne mai ba da labari da bakinsa, amma sai ga shi yana bayyana dalla-dalla abin da ya sami Makau a daji, da abin da ya sami uwarsa a wuraren da shi bai taka ba. Ana iya cewa ta ba shi labarin ne a ɗan zaman da suka yi a Tarabulus, amma wannan bai isa ya rufe ɓarakar duka ba. Sai dai in aka dubi abin ta fuskar jigo, ɓarakar tana da ma'ana. Duk inda labari ya koma kan uwar, sai ya yi rai: ga tattaunawa, ga mugu mai suna, ga fata, ga yankewar fata. Duk inda ya koma kan Umar sai ya kwanta. Kamar dai mawallafin ya shirya rubuta tarihin waliyyi ne, alƙalami ya ja shi zuwa ga matar da take tafe a ƙasa. Da ya tsare ƙa'idar mai ba da labari sosai, da ya yi hasarar rabin littafin da ya fi kyau.

Salon kansa salon kawaici ne. Jimlolin Ɓalewa shimfiɗaɗɗu ne, babu kirari, babu zuga, babu ban dariya irin na Abubakar Imam ko tsawa irin ta Ganɗoki. Da murya ɗaya yake faɗin an yi sallah da an kama mutane an ɗaure. Wannan sanyin murya ya dace da bakin malami, kuma yana ƙara wa abin tausayi nauyi, domin mai karatu ne yake cika abin da aka ƙi faɗa. Amma yana da farashi. Littafin yana cike da hari da kamu da cinikin mutane, duk da haka bai tuhumi bautar kanta ba. Mutane yake aunawa ɗaya ɗaya: Ado maci amana ne, fadawan Kagara mahassada ne, Abdulkarim kuwa mutumin kirki ne. Ba a tsaya an tambayi yadda mutumin kirki yake cin abinci daga hanyar da ta haɗiye uwar ɗan riƙonsa ba. Umar bai tambaya ba, almajiransa ma ba su tambaya ba. Wannan haƙuri da mutane, watau iya zama da kowa da ganin alherin wanda ya yi maka alheri ko daga ina ya fito, hali ne mai kyau a zaman tare, kuma shi ya sa Balarabe da Bahaushe suka zama uba da ɗa a littafin ba tare da wani ƙyashi ba. Amma tsakaninsa da kau da kai daga zalunci tazarar ba ta da yawa, kuma littafin bai shata iyakar ba.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a wannan zamani, ya ɗauki ɗaya gefen. Abubakar, wanda mai dukiya ya ƙwace wa Zainab, ya ƙi haƙura, ya shiga neman asirin da zai lalata ɗan da za ta haifa, abin ya ƙare da jini. Shi ma ya yi doguwar tafiya, shi ma ya jure wahala, ke nan juriya kaɗai ba ta isa a kira ta haƙuri ba, sai an dubi abin da aka jure dominsa. Darasin wannan littafi a fili yake, har ya yi yawa a fili, shi ya sa bai kai Shaihu Umar daɗewa a zuciya ba.

Bayan shekara hamsin da shida

Tambayar da Ɓalewa ya bari a rufe, mace ce ta buɗe ta. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Rabi, matar Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, tana da 'ya'ya tara. Shekara da shekaru tana cike giɓin cefanen da mijin ya ƙi cikewa, har ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kore ta da 'ya'yanta. A nan babu hamada, babu ayari, babu Tarabulus. Filin haƙurin ya koma tsakar gida da bakin murhu, inda mafi yawan mutane suke yin nasu. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta ga auren 'yarta Saudatu da mutumin da ya san darajarta. Haƙurinta irin na uwar Umar ne, mai tashi ya nema, sai dai an ƙara masa abin da waccan ta rasa, watau dabara da sana'a. Addu'arta da tukunyarta tare suke aiki.

Abin lura shi ne yadda kalmar take sauya fuska a ƙarshen littafin. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu kuma ta juya masa baya, sai maza na kusa da Rabi suka taru a kanta ta koma ɗakinta. Abin da suke nema a wurinta sunansa haƙuri, abin da ta yi shekaru tana yi ita kaɗai ba tare da taimakonsu ba shi ma sunansa haƙuri. Na farko nasu ne, suna ba da shi kamar yadda ake ba almajiri in an rufe ƙofa. Na biyu nata ne. Marubuciyar ta bar Rabi ta koma, abin da ya ɓata wa masu karatu da yawa rai, amma ba ta bar ta ta koma bakinta a rufe ba, kuma ba ta ɓoye wa mai karatu wanda ya ci ribar komawar ba. Uwar Umar ba ta sami wannan dama ba. Abin da aka sani na zuciyarta duka ta bakin ɗanta aka ji shi, yana zaune a kan buzu a Rauta, almajirai suna saurare.